Daga Jirgin Sama Zuwa Tabarmar Malam

Ƴaƴana, na san abin da kuke faɗa game da ƙafata ta dama idan kun taru ba na wurin. Wasunku sun ɗora laifin a kan jirgin sama, wasu a kan ƙanwarku Zali da ta yarda ta hau shi da ni, wasu kuma har yau ba sa sakin fuska idan Gwaggonku Hajo ta shigo gida. Ni da nake jan ƙafar ni ya kamata a tambaya, amma kunya ta hana ku. Don haka na zauna in rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance, tun idona yana iya bin layin takarda.

Kun san uwarku da karatun littattafan soyayya. Tun ina budurwa nake sayen su wajen wani mutum da ke kawo su daga Kano ranar kasuwar Filinge, ya baza su a kan buhu tsakanin masu sabulu da masu kanwa. A cikinsu na koyi karatun Hausa, domin a lakkwal, wato makarantar boko, Faransanci kawai aka koya mana. A cikinsu kuma na ɗauko wani buri da ya bi ni har tsufa, wato in ji mijina ya faɗa mini magana mai daɗi irin wadda samarin littafi ke faɗa, ko da sau ɗaya ne. Sai Allah ya haɗa ni da babanku. Malam mutumin gona ne, ɗan Kurfai na asali, wanda idan ya ce madalla bayan ya ci tuwo, to ya gama jawabinsa na ranar. Ban taɓa rasa komai a hannunsa ba. Idan na yi zazzaɓi yakan zauna bakin ƙofa da tasbihinsa har in tashi. Amma magana, a'a. Wani lokaci da yamma nakan karanta masa wurin da saurayi ke kwatanta idon budurwa da tauraro, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce,

"Wanga yaro ba shi da gona?"

Ciwon ƙugu ya daɗe yana cin jikina kafin shekarar. Na yi ta ɗora shi a kan keken ɗinki da na taka shekara da shekaru, na sha sassaƙe, an yi mini ƙaho, an shafa man shanu, har ta kai ba na iya zuwa bakin randa sai na dafa bango. Babban yayanku, wanda ba na kama sunansa, yana aiki a Yamai, shi ya tsaya aka ɗauki hoton ƙashin. Likitoci suka ce mahaɗar ta cinye, sai an cire kan ƙashin cinyar an sa na ƙarfe, shi kuma ya ga ya fi a yi aikin a Tunis. Zali ta fi kowa Faransanci kuma ba ta da goyo, ita aka zaɓa ta raka ni. Mun tashi hatsi ya fara nuna. Malam ya raka mu tasha, ya tsaya jikin tagar mota yana gyara hularsa, ni kuwa ina ta jira, zuciyata na cewa yau dai zai faɗi wani abu. Da direba ya tada mota sai ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara da cewa in bi abin da likita ya ce.

An yi aikin lafiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne washegari aka tada ni tsaye. Ni na ɗauka za a bar ni kwance kamar yadda ake barin mai karaya a gida, sai ga wata yarinya ta kawo wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake dafawa, ta ce in taka. Na taka ina salati, gumi na zuba, amma ciwon nan na shekaru da ke cizona a cikin ƙashi babu shi, sai zafin yanka kawai. Kullum ana ƙara mini tafiya, daga bakin gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa wata taga da ake hango teku. A wajen tagar nan na shiga mafarkina na kullum: ina ganin kaina na sauka a Filinge ina tafiya tsaye kamar amarya, Malam ya ɗago ido ya rasa abin cewa. Likitan, wani dattijo mai furfura, ya zauna ya lissafa mana dokoki, Zali tana juya mini su Hausa. Kada in tsuguna. Kada in zauna a kan abin da ya fi gwiwata ƙasa. Kada in harɗe ƙafa, kada in sunkuya in ɗauki abu a ƙasa, salla ma a kan kujera. Ya ce sabon ƙashin yana zaune ne a gurbinsa kamar ƙwai a cikin ludayi, naman da zai riƙe shi bai warke ba tukuna, idan na lanƙwasa ƙugun da yawa zai fice. Na yi dariya na ce wa Zali ta gaya masa duk abin da ya hana shi ne rayuwar mace a garinmu, domin a tsugune muke girki, a tsugune muke gaisuwa, a ƙasa muke ci. Bai yi dariya ba. Ya ce to na ɗan wani lokaci sai in zama baƙuwa a garinmu.

Ba a ma cire mini zaren ɗinki ba waya ta zo. Bayan azahar ne, ina zaune a kujera mai tsawo, na ga Zali ta fita da wayar, ta daɗe, ta dawo idonta ya yi ja. Ta ce ba komai. Na ce ni na haife ta. Sai ta faɗa mini: Malam ya faɗi a gona yana ɗaurin damman hatsi, ɓarin jikinsa ya shanye, an kai shi asibitin gari, an dawo da shi gida domin sun ce ba abin da za su ƙara masa. Magana tana fita da ƙyar, kuma abin da ake iya ganewa a cikinta shi ne tambayar ko na dawo.

"Zali, ki nemo muna jirgi."

"Inna, ba ki ji abin da likita ya ce ba? Ko zama ba ki iya yi da kyau."

"Na ji. Ki nemo jirgi."

"In wani abu ya same ki bisa hanya, mi zan ce ma su Yaya? Cewa za su yi ni na kashe ki."

"Ki ce musu ni na ce. Ubanki na kirana, ɗiyata. Tun da anka kawo ni gidanshi bai taɓa kirana ban amsa ba."

Ta yi kuka, ta kira yayanku, shi ma ya yi ta rarrashina ta waya, na bar shi ya gama na maimaita masa abin da na gaya wa ƙanwarsa. Don haka duk wanda ke ganin laifin Zali ya sauke shi daga yau. Yarinyar nan ta yi iyakar ƙoƙarinta ta hana ni.

Likitan ya zo da kansa. Ya ce shi da so samu ne sai na yi makonni kafin in hau jirgi, domin bayan irin wannan aiki jini yana saurin daskarewa a jijiyar ƙafa, dogon zama wuri ɗaya kuma yana ƙara haɗarin, idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu mutum yana iya mutuwa a kan kujerarsa. Ya dube ni ya tambaya ko na gane. Na ce na gane da ɗan Faransancin da ya rage mini. Sai ya ce shi ma yana da mata. Ya sa aka koya wa Zali yi mini allurar tsinka jini a fatar ciki, aka sa mini wata doguwar safa mai matse ƙafa, ya ce a nema mini kujerar bakin hanya inda zan iya miƙe ƙafa, in riƙa motsa idon sawuna, in riƙa tashi ina takawa, in sha ruwa da yawa. Da zai fita ya juyo ya ɗaga yatsa ya sake cewa kada in tsuguna, ko me ya faru.

Tafiyar nan ban taɓa yin biyayya irin tata ba a rayuwata. A filin jirgi aka tura ni a keken marasa lafiya, na bi ta wata ƙofa ta yi ƙara saboda ƙarfen da ke jikina, wata ma'aikaciya ta shafa ni tana ba ni haƙuri. A cikin jirgi Zali ta ɗora mini matashi a kan kujera don ta ƙara tsawo. Ina zaune ina juya sawuna kamar mai taka keken ɗinki, bakina yana addu'a ɗaya, Allah ka sa in tarar da shi da rai. Duk lokacin da Zali ta taɓa ni sai in miƙe, in dafa kujerun mutane in je ƙarshe in dawo, ƙafar tana nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Wani Bazabarme da ke zaune kusa da mu ya riƙa janye ƙafarsa yana yi mini sannu, har ya tambayi Zali ina za a kai tsohuwa a wannan hali. Da ta gaya masa, duk tashin da na yi bayan nan shi yake fara miƙewa ya ba ni kafaɗarsa. Na sha danna ɗan maraƙina in ji ko ya kumbura ko ya yi zafi, kamar yadda aka ce in lura. Bai yi ba. Jirgi ya sauke ni a Yamai da ƙuguna a gurbinsa, jinina yana gudu. Ku rubuta wannan a zukatanku, jirgin sama bai yi mini komai ba.

Yayanku ya tarbe mu da mota, an kwantar da kujerar gaba an jera matasai. Muka kama hanya da sassafe, a Baleyara aka tsaya na taka, a Bonkuku aka sake tsayawa na taka. Gonaki duk an yi girbi, dammuna a jere, rumbuna a buɗe ana zubawa. Da muka shigo ƙasarmu ta Kurfai na hango tuddan nan jajaye da na sani tun ina yarinya. Mun isa ƙofar gida da hantsi. Na ga maza zaune a kan tabarmi a waje, na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, na ga ba irin zaman da ake yi bayan an rasa mutum ba ne. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Duk shirin da aka yi, daga likita har Zali har yayanku, an shirya wa jirgi da mota da kujerar salla da gado mai tsawo da aka sa a ɗakina. Ba wanda ya tuna da abin da kowannenmu ya sani tun yana yaro, cewa a gidajenmu idan ciwo ya kai wani matsayi ba a barin mutum a kan gado. Ana sauko da shi a shimfiɗa masa tabarma a kan rairayin ɗaki, a juya fuskarsa gabas. Na shiga ɗakin Malam da ƙarfena mai ƙafa huɗu, na duba gado na ga ba kowa. Yana ƙasa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, hannunsa na hagu yana kwance kamar ba nasa ba. Wansa Baba Sanda yana zaune wajen kansa yana karatu, ƙanwarsa Hajo tana wajen ƙafafunsa da mafici. Na yi sallama ina tsaye a kansa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Yayanku ya gane matsalar nan take.

"Baba, ko a ɗaga shi a maida bisa gado? Inna ba ta iya sauka ƙasa."

"Wanda anka saukar ba a maida shi," in ji Baba Sanda. "Shi da bakinshi ya ce a sauke shi. Kuma kana ganin numfashin nan? In kun ɗaga shi, ga hannunku za ya tahi."

Aka kawo farar kujerar roba aka ɗora matashi, na zauna. Zali ta fita neman ruwan da zan sha. Hajo ta dube ni daga ƙasa, hawaye na zuba, amma bakin nan nata na wasa da ta saba yi mini tun ina amarya bai bar ta ba.

"Oho, matar Yaya, an je ƙasar Larabawa an dawo madam. Ke bisa kujera, mai gida ƙasa."

"Hajo, ko yau ba ki bari na?"

"In na bar ki wa zan tsokana? Sannu da hanya, ƴar'uwa. Tun shekaranjiya yake cigiyarki."

Wannan ita ce maganar da aka kai muku, aka ce ita ta sa na sauka. Ba ita ba ce. Na saba da bakin Hajo, da a ce shi kaɗai ne da na rama na ci gaba da zamana. Abin da ya faru shi ne Malam ya ji muryata ya buɗe ido. Ya neme ni a inda ya saba ganina, wato gefensa, a ƙasa, bai same ni ba. Idonsa ya yi ta yawo a jikin bango. Na ce ga ni, Malam, na miƙa hannu, bai kai ba. Leɓensa ya fara motsi, yana faɗin wani abu, daga kan kujera ba na jin komai sai iska. Na ƙetare teku da hamada don in ji maganar nan, ga ta tana fita, ni kuma ina sama da ita da kamu biyu. Na tuna da yatsan likita sarai, ban manta ba. Na dafa kafaɗar Hajo na zame daga kujerar, na durƙusa, na naɗe ƙafafuna gefe ɗaya yadda nake zama kusa da shi kullum, na sunkuya na kai kunnena bakinsa. A sunkuyawar nan na ji wani abu ya yi ƙas a cikin ƙuguna, zafi ya tsaga ni tun daga baya har yatsun ƙafa. Na ciji mayafina don kada ya ji. Na kwanta a gefensa domin ba ni da sauran ikon zama.

Zali ta shigo ta saki kwanon ruwa. Aka kira majo, babban ma'aikacin jinya, daga asibitin gari, ya duba ya ga ƙafar ta gajarce ta juya ciki, ya ce ƙashin ya fice, kuma a nan ba mai iya mayar da shi, sai Yamai, yanzu yanzu, domin duk daɗewar da aka yi jijiya ce ke matsuwa. Yayanku ya ce a kawo katifa a ɗauke ni.

"Ba inda za ni."

"Inna, don Allah. Ƙafarki ta."

"Na san tawa ta. Duk wanda ya ɗaga ni daga nan ubanshi na numfashi, ban yahe mishi ba."

Ban taɓa yi wa ɗana irin wannan magana ba, kafin ranar ko bayanta. Ya fita waje. Majo ya yi mini allurar rage zafi ya girgiza kai ya tafi. Hajo ta matso ta tallabe ƙafar a cinyarta don kada ta motsa, kuma haka ta riƙe ta wuni guda, ba ta tashi ba sai don salla, ta dawo ta sake ɗauka. Ku tuna da wannan idan ta shigo gidajenku.

Yanzu fuskata tana dab da ta Malam, ina jin duk abin da yake faɗa. Na yi zaton wasiyya ce, ko wata babbar magana. Sai na ji ya ce,

"Kin hau jirgin?"

"Na hau, Malam."

"Mi kinka gani bisa?"

Na ba shi labari a hankali, zafi yana zuwa yana tafiya. Na ce gajimare a ƙarƙashinmu yake, tuli tuli kamar kaɗa, wato auduga, a kasuwa. Na ce hamada daga sama kamar tabarma ce da aka shimfiɗa ba a naɗe ba, teku kuma ba shi da ɗaya gaɓar. Na ƙara gishiri yadda na saba, na sa taurari inda babu su, wannan karon bai tambaye ni ko wani yana da gona ba. Ya saurara idonsa a kaina. Can ya motsa hannunsa mai lafiya ya kama bakin mayafina.

"Tun da kinka tahi," ya ce, ya tsaya ya huta, "gidan ga ba daɗi."

Na karanta littattafai da ba zan iya ƙirgawa ba, na haddace kalaman samari iri iri, babu wanda ya kai wannan a wurina. Na ce masa na dawo, ba inda zan sake zuwa. Na nemi gafararsa, ya nemi tawa. Bayan nan bai ƙara magana da ni ba, sai kalmar shahada da yake bin Baba Sanda da ita. Ana kiran la'asar hannunsa ya saki mayafina.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. An mayar da ƙashin a Yamai, amma jijiyar ta riga ta ji jiki, shi ya sa sawun ke faɗuwa idan na ɗaga ƙafa, shi ya sa sandar nan ta zama abokiyar tafiyata. Farkon takabata a gadon asibiti na yi shi, kuma tafiyar amarya da na yi mafarki a bakin tagar Tunis ban yi ta ba. Likitan ya faɗi gaskiya, majo ma ya faɗi gaskiya. An nuna mini farashin tun kafin in saya, na kuma saya ido buɗe.

A ranar, sai da aka janye ni gefe a kan katifa aka sa labule, aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani. Kafin rana ta faɗi maza suka shigo suka ɗauki makara, suka fita da shi ta ƙofar zaure. Suna fita wasu suka kama kusurwoyin katifata, suka bi ta ƙofar nan da ni. A waje na ɗaga kai na hango shi a kan kafaɗun mutane, an yi gabas da shi wajen maƙabarta. Ni kuma aka sa ni a mota, aka juya kanta zuwa Yamai.